Sauya Jami'a: Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne

Akwai wata tambaya da ta yawaita a cikin saƙonnin da nake samu daga ɗalibai da iyaye, musamman a lokacin da jami'o'i suka saki sakamakon ƙarshen shekara. Kalmominta kan bambanta, amma ma'anarta ɗaya ce: ina karatu a jami'a kaza, na gama aji ɗaya ko aji biyu, makina kaza ne, ina so in koma jami'a kaza, shin za su ɗauke ni? Mai tambaya yakan so in amsa masa da e ko a'a, ko in ce masa damarsa ta kai kashi kaza cikin ɗari, kamar wanda ya je wurin mai duba. Ni kuwa abin da na fahimta daga yadda harkar take gudana shi ne, makin ɗalibi, wanda kowa yake fara ambata, shi ne na uku ko na huɗu a cikin abubuwan da suke yanke hukunci. Na farko kujera ce: akwai ta a inda ake son komawa, ko babu?

Kafin in shiga wannan bayani ya kamata a yi wa masu neman sauyin adalci, domin yawancinsu ba rawar kai ce ta tayar da su ba. Yajin aikin da ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba na 2022 ya zaunar da yara a gida wata takwas cur, bayan na 2020 wanda ya ci kusan wata tara. A wancan lokaci duk uban da yake da hali ya fara leƙen jami'o'i masu zaman kansu. Ba a jima ba iska ta juya. Da aka cire tallafin man fetur aka kuma saki darajar naira a tsakiyar 2023, waɗanda suka kai 'ya'yansu makarantun kuɗi, a gida ko a ƙetare, suka shiga neman hanyar dawo da su na gwamnati, alhali su ma na gwamnatin sun ƙara kuɗin rajista. Tun kafin nan, a watan Afrilun shekarar, yaƙi ya ɓarke a Sudan, ɗalibanmu da ke karatu a Khartum, da yawansu 'yan Arewa, suka dawo gida babu shiri, wasu daga su sai kayan jikinsu. A watan Satumba kuma aka sace ɗalibai daga gidajen da suke haya kusa da Jami'ar Tarayya ta Gusau, makonni kaɗan bayan haka aka yi makamancin haka a Dutsin-Ma. Uban da ya kwana da irin wannan labari, idan ya ce 'yarsa ta dawo kusa da gida, babu mai ganin laifinsa. Sai kuma dalilin da ya girmi duk waɗannan a cikinmu, wato aure. Yarinya tana aji biyu a Sakkwato, a ɗaura mata aure da mutumin da yake aiki a Kaduna, sai ka ji manya suna cewa ai sai a yi mata taransifa, kamar dai akwati za a ɗauka daga wannan ɗaki a kai wancan.

Shiga jami'a a ƙasar nan ƙofofi biyu gare ta sanannu. Akwai ta jarrabawar JAMB wadda take kai mutum aji ɗaya, akwai kuma ta shiga kai tsaye zuwa aji biyu ga masu difloma ko NCE ko IJMB. Waɗannan biyun suna da lokacinsu, suna da ƙa'idojinsu a rubuce. A jami'o'in tarayya har rabon guraben sananne ne: kashi 45 cikin ɗari na waɗanda suka fi maki ko daga ina suka fito, kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Wanda ya biyo ta nan yana iya zama ya yi lissafi, ya dubi makinsa da jiharsa da inda aka yanke bara, ya san ko ya sa rai ko ya haƙura. Sauyi daga wata jami'a kuwa ƙofar baya ce, mabuɗinta yana hannun majalisar malaman jami'ar da ake son komawa, wato sanet. Alfarma ce jami'a take yi idan ta ga dama. Babu wata doka da ta tilasta mata karɓar ɗalibin wata, komai kyan sakamakonsa, kuma akwai shekarun da jami'a kan ƙi buɗe ƙofar gaba ɗaya.

Kowane sashe yana da adadin ɗaliban da hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta amince ya ɗauka, gwargwadon yawan malamansa da ɗakunan karatunsa da na gwaje-gwaje. An riga an cike wannan adadi tun a aji ɗaya, a sassan da ake rububi ma an zarce shi. Kujerar aji biyu takan samu ne idan wani ya faɗi aka sallame shi, ko ya bar karatun, ko ya koma wani sashe, ko Allah ya yi masa rasuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma a nan ko bangon ya tsage ƙadangarun da ke jira suna da yawa. Masu shiga kai tsaye suna nan da kasonsu da aka ware musu. Bayansu ga 'yan gida, wato ɗaliban jami'ar da suke neman sauya sashe, waɗanda malaman suka san rubutunsu, suka san wanda ya koyar da su, suka san nauyin makin da suka zo da shi. Baƙon da ya taso daga wata jami'a shi ne a ƙarshen layi. Ku sa kanku a matsayin shugaban sashen da yake da kujera uku kacal da takardun mutum talatin a kan teburinsa, za ku ga inda alƙalaminsa zai fara karkata.

Wannan ne ya sa nake gaya wa duk wanda ya rubuto yana son komawa likitanci ko lauya ko haɗa magunguna ko aikin jinya cewa ya rage buri. Waɗannan fannoni, ban da NUC, suna da wasu iyayen gijin na daban. Majalisar kula da aikin likita da na haƙori ta ƙasa tana yanka wa kowace makarantar likitanci adadin ɗaliban da za ta horar, kuma makarantar da ta zarce tana jawo wa kanta hukunci. Haka majalisar kula da ilimin lauya, wadda take gudanar da makarantar horas da lauyoyi mai reshe a Bagauda ta jihar Kano, tana ba kowace tsangayar shari'a kasonta. Tsangayar da ta ɗebi fiye da kason, ɗalibanta ne za su gama digiri su zauna a gida suna jiran layin shiga makarantar lauyoyin. Shugaban tsangayar da ya san yana da ragowar ɗalibai na bara da bara waccan da ba su tafi ba, ina zai sa baƙo? A ɗaya gefen kuma akwai fannonin da kujeru suke kwana babu kowa a kansu, irin su aikin gona da fannonin koyarwa da wasu harsuna, waɗanda masu nema ba su cika rububinsu ba. Ɗalibi mai matsakaicin maki da ya nufi irin waɗannan yana iya samun karɓuwa cikin sauƙi, alhali gwarzon ajinsu da ya nufi likitanci yana can yana sintiri tsakanin ofisoshi.

To, ina amfanin makin ke nan? Amfaninsa shi ne ya sa a buɗe fayil ɗinka a duba. A yawancin jami'o'inmu ana auna ɗalibi ne da ma'auni mai hawa biyar, wanda ake kira CGPA: daga 4.50 zuwa 5.00 daraja ta ɗaya, daga 3.50 zuwa 4.49 babbar daraja ta biyu, daga 2.40 zuwa 3.49 ƙaramar daraja ta biyu. Kowace jami'a da take karɓar masu sauyi takan sa wani mizani da za ta ce wanda bai kai shi ba kada ma ya sayi fom. Kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar wannan mizani a matsayin alkawari. Duk wanda ya taɓa zama jarrabawar JAMB ya san bambancin. A 2024 an amince da 140 cikin 400 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, amma babu mai hankalin da zai ci 145 ya tafi ɗinkin farar rigar likita. Haka abin yake a nan. Ka kai mizani, ka hango Dala ke nan, saura shiga birni.

Kuma masu duba takardar ba a kan jimillar kaɗai suke tsayawa ba. Ɗalibin da yake son komawa sashen kimiyyar kwamfuta, wanda ya tara makinsa daga kwasa-kwasan gama-gari amma ya sha da ƙyar a lissafi, adadin da ke ƙasan takardarsa zai yi kyau a ido, sai dai malamin da ya san aikinsa layin lissafin zai fara bi da yatsa. Kwas ɗin da aka faɗi ba a gyara ba, wanda ɗalibai suke kira kariyoba, tabo ne da yake rage daraja ko da jimillar ta yi sama. Wanda kuwa aka kora saboda satar amsa ko ƙungiyar asiri, ya sani cewa jami'ar da zai je za ta nemi shaidar halinsa daga wadda ya baro.

Idan ana son auna dama da gaske, hanya ɗaya na sani, kuma ba ta cikin waya. Zuwa da kai ya fi saƙo. Ɗalibi ko waliyyinsa ya taka ya je sashen da yake so, ba ofishin shugaban jami'a ba, ya nemi jami'in jarrabawa ko malamin da yake kula da aji biyu, ya yi gaisuwa irin ta mutunci, ya tambaye shi: bara mutum nawa kuka karɓa daga wasu jami'o'i, bara waccan fa, bana kuma ɗaliban aji biyu sun cika adadinku ko da saura? Amsar waɗannan ta fi duk wani hasashe da ni ko wani zai yi. Idan aka ce shekara biyu ke nan ba a karɓi kowa ba, an riga an ba ka amsa cikin ladabi. Idan aka ce an karɓi biyar daga cikin masu nema takwas, to akwai abin sa rai. Yawancin malaman nan, idan aka je musu da girmamawa, ba sa ɓoye gaskiya, don su ma ba sa son tarin takardun da suka san ba inda za su je.

Abin da ba na so ɗalibai su dogara da shi shi ne labaran da suke yawo a zaurukan WhatsApp, na wane da ya koma jami'a kaza da maki kaza cikin mako biyu. Wataƙila gaskiya ne. Amma wanda ya samu shi yake ba da labari. Waɗanda takardunsu suka kwana a kabad har ƙura ta rufe su ba sa fitowa su yi shela, don haka mai sauraro sai ya ɗauka kowa ma samu yake yi.

A ce an samu kujerar. Saura a yi lissafin abin da za a biya, kuma ba kuɗi nake nufi ba, shekaru nake nufi. Galibi aji biyu ake karɓar mai sauyi, domin jami'a ba ta son buga hatiminta a kan digirin da aka koyar da mafi yawansa a wani wuri. Wanda ya gama aji uku ya nemi sauyi, sau da yawa baya za a mayar da shi. Sannan za a ɗauki kwasa-kwasan da ya yi a jera su da na sabon wuri. Sabuwar manhajar da NUC ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ta tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar a kowane fanni, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ta ga ya dace da ita. Wannan ya kusanto da jami'o'i da juna, amma wancan kashi 30 ɗin, da bambancin ajin da ake koyar da wani kwas a nan da can, sun isa su sa a ɗora wa baƙo kwasa-kwasan aji ɗaya a kan na aji biyu. Ya kamata kuma ya tambaya tun da wuri ko makin da ya zo da shi zai shiga lissafin darajar digirinsa, ko kuwa daga ranar da ya zo za a fara ƙirga masa. Wanda ya sha wahala ya tara 4.40 ba zai so ya ji amsar wannan tambaya a shekararsa ta ƙarshe ba.

Ga kuma matsalar kalanda. Tun bayan yajin aikin 2020 da na 2022 jami'o'inmu ba sa tafiya tare. Wannan tana jarrabawar zango na biyu, waccan ba ta gama rajistar zango na farko ba. Mai sauyi yana iya barin tasa a ƙarshen shekara ya tarar waccan ta yi nisa, ya zauna watanni yana jiran sabuwar shekara. Idan aka haɗa wannan da komawa baya aji guda, digirin shekara huɗu ya zama na shida ba tare da an faɗi ko kwas ɗaya ba. Ga wanda ya shiga jami'a da 'yan shekarunsa wannan ba komai ba ne. Amma da yawa daga yaranmu ba sa shiga da wuri, wasu sai sun yi haddar Alƙur'ani, wasu sai sun maimaita jarrabawar sakandare sau biyu ko uku. Wanda ya haura shekara 30 a ranar da ya kammala digiri ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi. Wani wannan bai dame shi ba, wani kuwa ya sa rai da alawus ɗin shekarar da ƙofofin da takan buɗe.

Sai maganar takardu, inda na ga an fi yin tuntuɓe. Tun 2017 hukumar JAMB ta kafa tsarin da ake kira CAPS, wanda ta cikinsa ne kaɗai gurbin karatu yake zama halastacce, kuma ta sha nanata cewa duk gurbin da aka bayar ta bayan fage ba ta san da shi ba. Ɗalibin da makarantarsa ta farko ta ɗauke shi ba ta wannan hanya ba, yana iya yin shekara biyu yana shiga aji yana cin jarrabawa, amma a wurin JAMB babu shi. Ranar da ya nemi sauyi ranar asirin zai tonu. Wanda kuma ya samu sauyin lafiya, aikinsa bai ƙare ba sai ya tabbatar bayanansa a wurin JAMB sun koma ɗauke da sunan sabuwar jami'a da sabon fanni, domin da wannan rajista ake tantance masu tafiya bautar ƙasa. Sakamakon sakandare ma za a sake dubawa kamar yau aka fara: kiredit biyar har da Turanci, da darussan da sabon sashen yake bukata, waɗanda ba lallai su zama irin na tsohon ba.

Akwai wata cuta da ta fi kama mu 'yan Arewa a nan, ita ce ta rubutun suna. Yaro ɗaya, a takardar WAEC Mohammed, a ta JAMB Muhammad, a katin ɗan ƙasa Muhammadu, a wata takardar an sa sunan gari a ƙarshe, a wata an sa na kaka. Ranar haihuwa kuwa wani malamin firamare ne ya ƙaga ta, wani mai shagon kwamfuta ya ƙaga wata. Tun da aka wajabta lambar NIN ga masu rajistar JAMB a 2021 irin wannan saɓani ya daina wucewa a ɓoye. Muddin ɗalibi yana zaune a makarantarsa abin yana iya kwanciya, amma sauyi yana nufin sabbin idanu za su bi takardun ɗaya bayan ɗaya. A gyara tun kafin a sayi fom.

Kundin sakamako, wanda ake kira tiranskirif, ba a ba ɗalibi a hannu ya kai. Daga ofishin magatakardan wannan jami'a yake tafiya zuwa na waccan, kuma kowa ya san tafiyar hawainiya yake yi idan ba a bi sawunsa ba. Wanda yake barin makarantar kuɗi saboda kuɗin sun gagara, ya sani ba za a saki kundin ba sai ya biya bashin da ake bin sa. Na ga iyayen da wannan ya zo musu a ba-zata: sun gudu ne saboda babu, aka ce sai sun kawo kafin a buɗe musu ƙofar fita.

Waɗanda suka dawo daga ƙetare nasu ya fi nauyi. Bayan ɓarkewar yaƙin Sudan, JAMB ta fitar da tsari na musamman don shigar da ɗaliban da yaƙi ya koro cikin jami'o'in gida, abin a yaba. Sai dai tsarin bai ƙara kujera ko ɗaya a makarantun likitanci ba, alhali da yawa daga cikin waɗanda suka dawo likitanci da fannonin lafiya suke karantawa. Ga wahalar samo kundin sakamako daga makarantar da ma'aikatanta suka watse, ga wanda ya yi karatunsa da Larabci zai koma yi da Turanci. Masu dawowa daga Kwatano da Togo kuma wata ƙurar ce ta bi su. A farkon 2024, bayan wani ɗan jarida ya fallasa yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin makonni shida, gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri na ƙasashen biyu. Yaron da ya je can ya yi karatunsa tsakani da Allah shi ma zargin ya shafe shi, kuma duk jami'ar da ya nufa da takardunsa za ta yi musu kallon tsanaki fiye da na kowa.

A irin wannan ƙunci ne dillalai suke cin kasuwarsu. Za ka ji an ce akwai wani a ciki, a ba shi kaza ya gama komai. Ba zan yi musun cewa sanayya tana aiki a ƙasar nan ba, wanda ya ce ba ta yi bai zauna a cikinta ba. Sanin wani yana iya ɗaga fayil daga ƙasan tari ya dawo sama. Abin da ba zai iya ba shi ne ya ƙirƙiri amincewar sanet, ko ya sa suna a rajistar JAMB. Takardar da dillali ya buga a shago tana iya shigar da yaro aji, har ta samar masa lambar rajista ta wani lokaci, amma ranar tantancewar ƙarshe tana nan tafe, kuma takan zo ne bayan an kashe shekara uku ko huɗu. Duk kuɗin da za a biya a biya shi ta hanyar da jami'a ta sanar, a karɓi rasit.

Akwai kuma waɗanda nake ganin bai kamata su motsa ba sam. Su ne masu neman sauyi don suna kawai. Yaro yana jami'ar tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, yana cin jarrabawarsa lafiya, malamansa sun san shi, amma ransa yana Zariya saboda Jami'ar Ahmadu Bello ta 1962 ce kuma sunanta ya fi cika baki. Ban raina tsohuwar jami'a ba, tana da ɗakunan karatu da manyan malamai da tsofaffin ɗalibai a ko'ina. Amma idan fannin da yake yi ya samu cikakkiyar amincewar NUC, digirinsa digiri ne, kuma babbar daraja daga ƙaramar jami'a ta fi yi masa amfani wajen neman aiki ko tallafin ƙaro karatu a kan ƙaramar daraja daga babba. Ya gama a inda yake, ya tafi Zariyar ya yi digiri na biyu. Wanda kuma fannin ne bai yi masa ba, ya fara gwada sauya sashe a cikin jami'arsa, inda shi ne ɗan gida. Wanda ya nace sai likitanci, kuma yana aji ɗaya, sau da yawa sake zama jarrabawar JAMB ya fi masa tabbas a kan jiran kujerar da ba ta da ranar samuwa. Wanda kuɗin rajista ne ya gagare shi a jami'ar gwamnati, ya fara bincikar asusun ba ɗalibai rance na NELFUND da aka buɗe a 2024 kafin ya yanke shawarar tashi. Kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Su ma jami'o'in suna da nasu laifin, kuma ba ƙarami ba ne. Ban ga abin da zai hana jami'a ta sanar a kowace shekara cewa sashe kaza yana da gurbin mutum kaza na masu sauyi, sashe kaza kuma babu ba. Alƙaluman suna hannunsu. Maimakon haka sai a buɗe sayar da fom ga kowa, a karɓi kuɗin da ba a mayarwa, har daga masu neman sassan da aka san a cike suke maƙil. Wannan rufa-rufa ita ce take ciyar da dillalai, ita ce kuma take sa talakan da bai san kowa ba ya ɗauka cewa komai sai da hanya. Da za a fito da adadin a fili, a kuma faɗi ranar da za a ba da amsa, da rabin masu rubuto mini ba su bukaci tambayata ba.

Masu dalili mai ƙarfi, irin rashin lafiya ko rashin tsaro ko aure ko rasuwar mai ɗaukar nauyi, su rubuta dalilin a fili cikin takardar nema, su haɗa da shaida: rahoton asibiti, takardar aure, takardar wurin aikin miji. Mutane ne suke zama a kan waɗannan takardu, kuma dalili na gaskiya yana da nauyi a wurinsu idan kujerar ta samu. Game da aure kuwa, ina roƙon iyaye su yi wannan bincike tun kafin a sa rana, lokacin da bakinsu yake da ƙarfi. Idan ya tabbata babu gurbi a garin miji, a yi yarjejeniya a gaban waliyyai kan yadda za ta ƙarasa a inda take, musamman idan shekara ɗaya ko biyu suka rage mata. Alkawarin "za a nema mata a can" da ake yi a bakin ƙofa ya cinye karatun 'yan mata da yawa da na sani.

Kuma duk wanda ya shiga neman, ya ci gaba da zama ɗalibin makarantarsa har ranar da takardar karɓa ta hukuma ta shigo hannunsa. Ya yi rajistar sabuwar shekara, ya shiga aji, ya zauna jarrabawa, ko da yana ganin kamar asarar kuɗi ce. Jami'o'i suna cire sunan ɗalibin da ya daina rajista na wani tsawon lokaci ba tare da izini ba, kuma ba su da ruwa da cewa yana can yana jiran amsa daga wata. Idan zaman ba zai yiwu ba sam, saboda tsaro ko rashin lafiya ko haihuwa, ya rubuta takardar neman jingine karatu ta hannun shugaban sashensa, ya jira amincewa a rubuce, ya adana kwafinta. Wanda ya tattara kayansa ya bar ɗakin kwana a kan maganar baka ta "an kusa", idan amsar ta zo da a'a, ba shi da aji a can, ba shi da suna a nan.